Haƙƙi ko Alfarma? Kwatanta 'Yancin Siyasa da Haƙƙoƙin Yau da Kullum a Gida da Waje

1.0 Gabatarwa

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a zaurukan hira na ƙasar Hausa, watau ta kwatanta zaman gida da zaman ƙasashen waje. Alhajin da ya dawo daga Makka yakan ba da labarin fitilun da ba su mutuwa, da hanyoyin da mutum zai bi da tsakar dare ba tare da fargaba ba. Ɗalibin da ya dawo daga Ingila yakan yi zancen asibitin da ake duba mutum ba a tambaye shi kuɗi ba, da ɗan sandan da ba ya miƙo hannu. Daga nan sai wani ya amsa musu cewa ai mu a nan muna da abin da waɗansu ba su da shi, domin talaka yana iya buga waya gidan rediyo ya soki gwamna da sunansa, ya kuma kwana a ɗakinsa. A ƙarshe a watse kowa yana kan bakansa.

Dalilin da ya sa wannan muhawara ba ta ƙarewa shi ne, masu yin ta suna amfani da kalma ɗaya, watau 'yanci, alhali kuwa abubuwa biyu suke nufi. Manufar wannan maƙala ita ce ta rarrabe waɗannan abubuwa biyu, ta duba yadda suke a Nijeriya, sa'an nan ta auna su da abin da Bahaushe yake tararwa a wurare uku da ƙafarsa ta saba da su: Sa'udiyya da Ingila da Jamhuriyar Nijar. Ma'aunin da za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe tambaya ce guda ɗaya: idan an hana mutum abin da yake morewa, yana da inda zai kai ƙara a saurare shi?

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmar 'yanci ta samo asali daga 'ya, kamar yadda ɗiyauci na Hausar yamma ya fito daga ɗiya. A wajen Bahaushen dauri, ɗa shi ne wanda aka haifa, kuma shi ne kishiyar bawa. Saboda haka ma'anar 'yanci ta farko ita ce mutum ya kasance ba mallakar kowa ba ne. Wannan ma'ana ba ta yi nisa da mu ba, domin dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga wannan shekara ne kawai, ba a kuwa soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. A zamanin siyasa ne kalmar ta faɗaɗa, ta ɗauki ma'anar mulkin kai na ƙasa, da ikon jefa ƙuri'a, da ikon kafa jam'iyya, da ikon faɗin albarkacin baki. Waɗannan su ne muke kira 'yancin siyasa.

Haƙƙi kuwa kalma ce da aka aro daga Larabci, tana nufin abin da yake na mutum ne tabbas, wanda in an tauye shi an ɗauki alhaki. Haƙƙoƙin yau da kullum su ne waɗanda mutum yake cin karo da su daga fitowar rana zuwa faɗuwarta: ya je gonarsa ya dawo lafiya, kada a tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, a duba matarsa a asibiti, ɗansa ya sami aji da malami, alƙali ya saurare shi kamar yadda zai saurari mai kuɗi.

Akwai kalma ta uku da ya kamata mu ajiye kusa, ita ce alfarma. Alfarma abu ne da babba yake yi wa ƙarami don ganin dama. Mai karɓarta yana iya jin daɗinta shekara da shekaru, amma ranar da aka janye ta ba shi da bakin magana. Sau da yawa idan aka duba haƙƙi da alfarma daga nesa sai a ga kamarsu ɗaya, ranar hani ce take bambanta su.

3.0 A Gida: Abin da Aka Samu

Koke-koken talakan ƙasar Hausa sun girmi siyasar jam'iyyu. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa a cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su. Sa'ad da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, irin waɗannan koke-koke ne suka ja talakawa zuwa gare ta: haraji, da aikin tilas, da bulalar 'yan doka, da kotun da ba ta rabu da fada ba. Kalmar da suka riƙe, watau sawaba, sauƙin rayuwa take nufi. Ashe tun farko talaka ya nemi ƙuri'a ne domin ta zame masa makamin samun haƙƙinsa na yau da kullum, kuma da yawa sun sha ɗauri a kan haka, cikinsu har da Hajiya Gambo Sawaba.

Misalin da ya fi fitowa fili na amfanin wannan makami shi ne abin da ya faru a 1979. Da jam'iyyar PRP ta ci zaɓen gwamna a jihohin Kano da Kaduna, sai Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Abin da aka yi ƙarni ana kuka da shi, ƙuri'a ta kawar da shi da zarar sababbin gwamnoni sun hau. A wannan zaɓe ne kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, bayan an fara ba su dama a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

A fannin doka, Hukumar Willink da aka kafa a 1957 don duba tsoron da ƙananan ƙabilu suke yi ita ce ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, aka kuwa shigar da su a tsarin mulkin samun 'yancin kai na 1960. A tsarin mulkin 1999 suna cikin Babi na Huɗu. Sashe na 33 ya kare rai, na 35 ya hana tsare mutum ba dalili, na 36 ya wajabta shari'ar adalci, na 38 ya ba da 'yancin addini, na 39 na faɗin ra'ayi, na 40 na taro da ƙungiya, na 41 na zirga-zirga. Duk wanda aka tauye masa ɗaya daga cikinsu yana iya zuwa babbar kotu.

Wannan ƙofa ta kotu ta taɓa yin aiki a idon kowa. A watan Janairu 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, ta fitar da shi zuwa Cadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta soke wannan kora, ta tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa, ta kuma ba shi diyya. Haka nan a 2015 shugaban ƙasa mai ci ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki. Kuskure ne a raina irin waɗannan abubuwa, musamman idan aka tuna Doka ta 2 ta 1984 wadda ta halatta tsare mutum ba shari'a, da Doka ta 4 ta wannan shekara wadda aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita. Ko a mulkin farar hula ma ana samun tuntuɓe, kamar rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, da gurfanar da ƙananan yara a kotu a Abuja a Nuwamba 2024 saboda zanga-zangar tsadar rayuwa. Sai dai abin lura, surutun jama'a ne ya sa aka saki yaran nan cikin 'yan kwanaki, surutun nan kuwa shi kansa 'yancin siyasa ne.

4.0 A Gida: Inda Gizo Yake Saƙa

Matsalar tana cikin Babi na Biyu na tsarin mulki. A nan ne aka ce tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne babbar manufar gwamnati, a nan ne aka yi zancen ilmi kyauta da kiwon lafiya da matsuguni da abinci. Amma sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna sauraron ƙara a kan ko gwamnati ta cika waɗannan manufofi ko ba ta cika ba. An fara kawo wannan babi ne a tsarin mulkin 1979, ta hannun kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975 a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, bisa koyi da tsarin mulkin Indiya. Ma'anar wannan ita ce, idan an hana ka magana kana da alƙali, idan kuwa ba a gina wa garinku asibiti ba, babin nan bai ba ka alƙali ba. Hangen Dala ke nan, wanda ba shiga birni ba ne. Ita Indiyar da aka yi koyi da ita ta gyara nata tsarin a 2002, ta mai da ilmin yara 'yan shekara 6 zuwa 14 haƙƙin da ake iya nema a kotu. A nan gida an yi dokar ilmin bai-ɗaya a 2004, amma yaran da ba su zuwa makaranta sun haura miliyan 10, mafi yawansu a Arewa.

Ko haƙƙoƙin Babi na Huɗu ma, tsakaninsu da talaka akwai tafiya. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in ba haka ba cikin kwana biyu. A bangon caji ofis an rubuta cewa beli kyauta ne. Duk da haka wajen kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Kotu tana buƙatar lauya, lauya yana buƙatar kuɗi, takardun shari'a na manyan kotuna kuwa da Turanci ake rubuta su. Alhaji Shugaba ya ci nasara domin yana da jam'iyya da manyan lauyoyi a bayansa, ɗan acaɓan da aka kama a samame ba shi da ko ɗaya.

Mafi nauyi duka shi ne sha'anin tsaro. An sace ɗalibai mata 276 a Cibok a Afrilu 2014, da ɗalibai maza sama da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairu 2021, aka kuma tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022. A waɗansu ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato 'yan bindiga sun riƙa ɗora wa manoma kuɗi kafin su bar su su yi shuka ko girbi. Watau harajin da ƙuri'a ta kore ta ƙofar gida ya komo ta bayan danga, a hannun wanda ba a zaɓe shi ba, ba a kuma iya kai ƙararsa. Sashe na 41 ya ba mutum ikon zuwa duk inda ya so, amma mai wannan iko yana lissafin sa'ar da zai bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa.

Har ila yau akwai baƙunci a cikin gida. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ita ce mabuɗin gurbin karatu da aikin gwamnati. Bahaushen da aka haifi kakansa a Sabo ta Ibadan, da Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano, kowannensu yana iya jefa ƙuri'a a inda yake zaune, amma idan aka zo rabon gurabe sai a tura shi garin da wataƙila bai taɓa kwana ba. Ba abin mamaki ba ne da aka ga a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin miliyan 25 ne suka fito. Mutumin da ya daina ganin alaƙa tsakanin ƙuri'arsa da tukunyarsa yakan ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

5.0 Sa'udiyya

Hausawa sun daɗe da sanin ƙasar Hijaz ta hanyar aikin hajji. Tun zamanin tafiyar ƙasa ta Cadi da Sudan waɗansu suka zauna can, har ma akwai 'yan ƙasar da suke ɗauke da laƙabin Hausawi. Abin da alhazai suke yabawa gaskiya ne: akwai tsaro, akwai wuta da ruwa da hanyoyi, ɗan ƙasa yana samun ilmi da magani a makarantu da asibitocin gwamnati kyauta.

Ta fuskar siyasa kuwa al'amarin dabam ne. Ƙasar masarauta ce, babu jam'iyyu, ba a zaɓen shugaba. Majalisar Shura tana da wakilai 150, Sarki ne yake naɗa su, aikinsu ba da shawara. An yi zaɓen majalisun birane a 2005 da 2011 da 2015, a na ƙarshen ne mata suka fara jefa ƙuri'a. An hana zanga-zanga, an kuma yanke wa waɗansu ɗaurin shekaru masu yawa saboda abin da suka rubuta a intanet. A 2018 aka ba mata izinin tuƙa mota da umarnin Sarki, a shekarar ce kuma aka tsare waɗansu daga cikin matan da suka daɗe suna neman wannan izini. Wannan ya nuna yadda tsarin yake: ana bayarwa, amma ba a son a nema da ƙarfin murya.

Sa'an nan kuma dole a bambanta ɗan ƙasa da baƙo, domin yawancin mutanenmu da suke can baƙi ne. Haihuwa a ƙasar ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Zaman ma'aikaci ya dogara ga igama, igama kuwa ta dogara ga kafili, watau ubangidan da ya tsaya masa. A Maris 2021 an sassauta wannan tsari, aka ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba sai da yardar ubangida ba, amma wannan sassauci bai haɗa da masu aikin gida ba, alhali a nan ne mata da yawa daga Afirka suke. Akwai ma waɗanda suke biyan kafili wani abu a kai a kai don ya bar su su nemi na kansu, abin da dokar ƙasar ta hana, wanda kuma zai tuna wa ɗalibin tarihi murgu da bawa yake biyan ubangijinsa a ƙasar Hausa ta dā. Wanda ba shi da takarda kuwa, irin waɗanda muke kira 'yan takari, yana iya shekara ashirin yana sana'a, rana ɗaya a kama shi a sa a jirgi. Daɗin da ya ji gaskiya ne, sai dai zanen aro ne, ba ya rufe katara.

6.0 Ingila

A Ingila an sami haɗuwar abubuwan nan biyu gwargwado, amma ba a dare ɗaya ba. Dokar da ta ƙarfafa ikon kotu na tilasta a kawo wanda aka tsare gabanta ta 1679 ce. Mata masu shekara 30 sun sami ƙuri'a a 1918, ba su daidaita da maza ba sai a 1928. Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne asalin asibitin kyauta da ɗalibanmu suke yabawa. A zaɓen 1945 jama'a suka kayar da Winston Churchill, wanda ya jagorance su a Yaƙin Duniya na Biyu, suka zaɓi jam'iyyar Leba, ita kuma ta kafa hukumar kiwon lafiya ta ƙasa a 1948. Watau wannan haƙƙi na yau da kullum ɗan ƙuri'a ne, kamar yadda soke haraji ya kasance a Kano da Kaduna. Bambancin shi ne, can masu zaɓe sun ci gaba da tsaronsa, har ya zama babu jam'iyyar da za ta ce za ta rushe shi ta sa ran cin zaɓe.

Akwai wani abin ban mamaki game da baƙo a can. Ɗan Nijeriya mai izinin zama yana iya yin rajista ya jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar dokokin Birtaniya, saboda ƙasarsa tana cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Amma ba shi da hanyar jefa ƙuri'a a zaɓen Nijeriya daga can, sai ya dawo gida. Ke nan yana da murya a ƙasar da yake baƙo, ba shi da ita a tasa muddin yana waje.

Duk da haka baƙo raɓa ne. Tun 2015 ana karɓar kuɗin lafiya na musamman daga ɗalibai da ma'aikata baƙi kafin a ba su biza, kuma yawancinsu an haramta musu tallafin gwamnati. Daga Janairu 2024 aka hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu. Ɗan sanda ba ya tsare wanda ake tuhuma fiye da awa 24 sai da ƙarin izini, amma doka ba ta yanka wa'adi ga tsare baƙon da ake shirin kora ba. Wariyar launin fata ma tana da tarihinta. A 1969 aka tsinci gawar wani ɗan Nijeriya, David Oluwale, a kogi kusa da birnin Lidis, a 1971 kuma kotu ta ɗaure 'yan sanda biyu saboda dukansa da suka riƙa yi. A 2018 ta bayyana cewa an tsare, har an kori, waɗansu mutanen Karibiyan da suka zauna a ƙasar bisa doka tun suna yara, abin da ya sa ministar cikin gida ta yi murabus. Zalunci yana faruwa can kamar ko'ina. Abin da za a lura da shi shi ne jarida da majalisa da kotu suna da ƙarfin da za su sa babba ya biya.

7.0 Jamhuriyar Nijar

Kwatanci da Nijar ya fi kowanne armashi, domin mutanen Maraɗi da na Katsina harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, iyakar Turawa ce ta raba su. Dokar Faransa ta 1956 ta ba duk baligi, mace da namiji, ikon zaɓe, saboda haka Bahaushiyar Maraɗi ta riga 'yar'uwarta ta Katsina samun ƙuri'a da shekara ashirin. Amma a 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, ƙasar ta shiga mulkin jam'iyya ɗaya, sa'an nan soja suka yi juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023. Samun ƙuri'a da wuri bai sa ta dawwama ba.

Wata shari'a ta nuna amfanin samun inda za a kai ƙara. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya, ta kai ƙasarta ƙara gaban kotun ECOWAS saboda gazawa wajen kare ta daga bauta, ko da yake an yi dokar hukunta bauta a 2003. A Oktoba 2008 kotun ta ba ta gaskiya, ta umarci gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kotun nan ta ba da umarni a Disamba a saki Shugaba Mohamed Bazoum, ba a bi ba. A Janairu 2025 fitar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata, a Maris na shekarar kuma aka rushe jam'iyyun siyasa. Jama'a da yawa sun yi maraba da sojan, domin a ganinsu mulkin farar hula bai kawo musu tsaro ko sauƙin rayuwa ba. Wannan darasi ne ga kowace ƙasa: 'yancin siyasar da bai haifar da haƙƙin yau da kullum ba, ranar da aka zo ɗauke shi ba ya samun masu kare shi. Amma ƙofar da Hadijatou ta bi ta rufe ga na bayanta.

Game da baƙunci kuwa, Afirka ta Yamma ba ta da bakin yi wa wani gori. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, abin da ya shafi Hausawa da Yarabawa masu yawa a zangonnin ƙasar. A Janairu 1983 Nijeriya ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, galibinsu 'yan Gana, bayan kuwa an sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS tun 1979.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abubuwa uku. Na farko, mai kwatanta gida da waje ya tabbata abin da ya ɗora a ma'auni iri ɗaya ne. Wutar lantarkin Makka da 'yancin sukar gwamna a Kano ba awo ɗaya suke hawa ba, haka kuma halin ɗan ƙasa a can ba shi ne halin baƙo ba. Na biyu, jin daɗin da ba shi da inda za a kai ƙara alfarma ce, ko da ta kai shekara nawa. Soja ne suka raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidajen yari bayan 1966, su ne suka ba matan Arewa ƙuri'a, su ne kuma suka kafa Doka ta 2, domin hannun da ya bayar don ganin dama yana iya karɓewa don ganin dama. Na uku, 'yancin siyasa kayan aiki ne, darajarsa tana ga abin da aka sassaƙa da shi. Masu zaɓen Ingila a 1945 da na Kano da Kaduna a 1979 sun san abin da suke so kafin su je rumfar zaɓe, suka kuma same shi.

Aikin da ya rage a gida shi ne a cike tazarar da take tsakanin Babi na Biyu da Babi na Huɗu, a kuma rage nisan da yake tsakanin talaka da kotu. A nan masu nazarin Hausa suna da rabonsu na aikin, domin mutum ba ya neman haƙƙin da bai san yana da shi ba. Manomin da ya san sashe na 35 da harshensa, ya san kwana nawa doka ta yarda a tsare ɗansa, ya fi wuyar cuta a kan wanda yake ganin sakin ɗan nasa alfarma ce aka yi masa. Ƙuri'a da kotu da bakin magana da muke da su guntaye ne, kaifinsu ma ya dakushe, amma Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da ya kamace mu shi ne mu wasa shi.